A Yi Aiki da Safe, a Kwana a Gida: Wa Ya Dace?

 

Akwai ƙorafin da na sha ji a bakin mutanenmu. Za ka ji an ce, “An yi wa Baba aikin ƙaba da hantsi, la'asar na yi suka ce mu tattara mu tafi gida. Don dai sun ga ba mu da kowa ne.” Wani kuma ya ce gadon ake so a ba mai kuɗi. A gefe guda akwai wanda ya zo da shirinsa, ya ɗauki hutun kwana ɗaya tak a ofis, ya yi azumin da aka ce ya yi, likita ya dube shi ya ce yau ba za a taɓa shi ba, ko kuma ya ce za a yi amma sai ya kwana. Shi ma ya fita yana ƙunƙuni. Su biyun nan abu ɗaya ne ya same su, an auna su, an ga wanda zai iya kwana a gidansa lafiya da wanda ba zai iya ba. Yadda ake wannan awo shi ne zancenmu na yau.

Mu Hausawa ai ba baƙi ba ne ga aikin da ake yi a tashi a tafi. Wanzami yana yi wa yaro kaciya a zaure, jinya kuma a cikin gida ake yin ta. A asibitin zamani, wanda aka fi tunawa da shi a wannan fanni wani likitan yara ne a birnin Gilasgo na Sikotilan mai suna James Nicoll. A 1909 ya ba da rahoton aiki 8,988 da aka yi wa yara aka mayar da su gida a ranar, kuma hujjarsa ita ce jariri ya fi samun sauƙi a hannun uwarsa fiye da a gadon asibiti. Sai dai shi ma ya gindaya sharaɗi, gidan da za a mayar da yaron ya kasance za a iya kula da shi, har ma'aikatan jinya yake turawa su bi sawu. A Amurka, Ralph Waters ya yi irin wannan a jihar Ayowa wajen 1919, sannan a 1970 aka buɗe wata cibiya a birnin Finiks wadda ba ta da aiki sai wannan. A Ingila, a shekarar 2000 hukumar lafiyarsu ta sa burin cewa kashi 75 cikin 100 na tiyatar da ba ta gaggawa ba a riƙa yin ta a sallami mutum a ranar. Kun ga ke nan ƙasashen da ba sa kukan kuɗi su ne kan gaba a wannan tsari, don haka batun “ba mu da kowa” bai taso ba.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne magungunan sa barci na yanzu. Da can wanda aka sa barci yakan wuni yana magagi da amai. Yanzu akwai allurai irin su furofofol, da aka fara amfani da shi a shekarun 1980, masu barin jiki da wuri. Ga kuma allurar kashe wurin da za a yanka kawai, mutum idonsa biyu suna hira da likita, ga allurar baya mai kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafa na ɗan lokaci. Amfanin komawa gida kuwa duk wanda ya taɓa jinya ya san shi. Kuɗin gado ya ragu, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita. Masu jinya sun huta da shimfiɗa tabarma a barandar asibiti suna faɗa da sauro. Maras lafiya ya yi nesa da ƙwayoyin cutar da ke yawo a ɗakin kwanciya, ya tashi ya taka da wuri, jini bai daskare masa a ƙafa ba. Gadon da ya bari kuma ya samu ga wanda aka kwaso daga haɗarin mota a hanyar Lokoja.

To wane irin aiki ne ya dace? Nan ba sai mun daɗe ba. Aikin da ba ya zubar da jini da yawa, wanda ciwonsa ƙwayar magani ta baki za ta iya kwantarwa, wanda mutum zai iya ci da sha bayansa, kuma ba a tsoron wani abu ya ɓalle cikin dare da sai likita na tsaye a kai. Ƙaba da gwaiwa, kaciya, cire ƙullutun kitse ko ƙullutu a mama don a kai gwaji, yanar ido, wasu ayyukan basir, fasa ƙurji, wankin ciki bayan ɓari, saukar da ƙwan maraina da bai sauko ba ga yaro, zura na'ura ta baki a leƙa ciki. A wuraren da ke da kayan aiki, har maɗaciya ana cirewa ta 'yan ƙananan huda a sallami mutum da yamma. Amma ƙabar da ta shaƙe, hanji ya maƙale, mutum na amai ciki ya kumbura, wannan ta fita daga sahu, ta zama ta gaggawa. Haka tiyatar haihuwa, da cire babban ƙarin mahaifa, da duk aikin da za a buɗe ciki ko ƙirji sosai. Suna ɗaya ma ba ya nufin aiki ɗaya: ƙabar saurayi ɗan shekara ashirin da ta fito bara daban take da ta dattijon da ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaure ta da ƙyalle.

Sai jikin wanda za a yi wa aikin. Likitocin sa barci suna da ma'auni da suka gada daga ƙungiyar takwarorinsu ta Amurka tun 1941. Mataki na ɗaya, lafiyayye garau. Na biyu, mai 'yar lalura da ba ta hana shi komai, kamar hawan jinin da magani ya riƙe. Na uku, mai ciwo mai nauyi da ya rage masa ƙarfi. Na huɗu, wanda ciwonsa ke barazana ga ransa kullum. Na ɗaya da na biyu ba gardama a kansu. Na uku ana iya yi masa idan ciwon a kwance yake, ba ya hawa da sauka. Ku lura da wannan, domin mutane da yawa suna ɓoye wa likita ciwonsu don tsoron kada a fasa aikin, alhali sunan ciwon bai dami likita kamar halin da ciwon yake ciki ba. Mai ciwon suga da ya san maganinsa, ya san abincinsa, sau da yawa ya fi samun daidaito a gidansa fiye da a asibiti, kuma akan sa shi farkon layi da safe don kada azumi ya yi masa tsawo. Wanda kuwa sugansa ya yi sama, rauni ba ya warkewa da wuri a jikinsa, sai an gyara tukuna. Hawan jini ma haka. Ƙa'idar da likitocin Ingila suka fitar a 2016 ta ce idan awo ya kai 180 bisa 110 a dakata a fara saukar da shi. A nan Abuja sau nawa mutum bai san yana da hawan jini ba sai ranar da ya zo aikin ƙaba? Idan aka mayar da kai gida da takardar magani aka ce ka dawo bayan 'yan makonni, Malam, taimakonka aka yi.

Tsufa shi kaɗai ba ya hana. Tsofaffi da yawa ma sun fi rikicewa idan suka kwana a baƙon wuri, dare ya yi su rasa inda suke. Aikin yanar ido, wanda akasari tsofaffi ake yi wa, da allurar kashe ido ake yin sa, Hajiya ta koma ɗakinta da yamma. Ƙiba ma ba ta hana kai tsaye. Abin da likita ke nema shi ne minshari mai yanke numfashi, irin wanda maigida zai yi shiru cikin barci kamar an toshe shi sannan ya zabura. Mai wannan lalura, idan sauran maganin barci ko maganin ciwo mai ƙarfi na jikinsa, numfashin na iya ɗaukewa ya ƙi dawowa. Shi ba zai sani ba, ai barci yake yi. Uwargida, ke ce kika sani, ke za ki gaya wa likita, kuma ba tonon asiri ba ne.

Sikila sai an tsaya a kanta, domin Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana kiyasin jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da raguwar iskar numfashi, duk suna tayar da ciwon, kuma ukun nan suna tattare da tiyata. Mai sikila yakan buƙaci shiri na daban, ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, kuma galibi an fi so ya kwana a sa masa ido. Wanda ke ɗauke da rabin ƙwayar kawai, mai AS, ba ya cikin wannan tsanani, amma shi ma ya faɗa. Ga yara kuma, jaririn da aka haifa bakwaini yana iya ɗauke numfashi bayan an sa shi barci, don haka a watanninsa na farko ba a sallamarsa a ranar ko da aikin ƙarami ne. Yaro mai mura da tari da zazzaɓi, musamman lokacin hunturu da ƙura ta cika gari, ɗaga aikinsa ake yi har ƙirji ya washe.

Akwai tambayoyin da ake jin nauyinsu. Kana shan maganin tsinka jini, irin asfirin ko wafarin? Kina shan jiƙo ko wani haɗin gargajiya? Akwai yiwuwar ciki? An taɓa sa wani a danginku barci ya sha wahalar farkawa, ko jikinsa ya yi zafi fiye da kima, ko ya rasu a kan teburin aiki ba a gane dalili ba? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, don akwai lalurar da ake gado wadda wasu magungunan barci ke tayarwa. Sai kuma tiramol da kodin. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma kowa ya san bai ɓace ba. Matashin da jikinsa ya saba da waɗannan, maganin ciwon da zai ishi wani shi ba zai ji shi ba. Likitan sa barci ba ɗan sanda ba ne, ƙanena. Awon magani yake so ya daidaita.

Yanzu mu zo inda ni a ganina Abuja ta bambanta da sauran garuruwa, wato gida. Ƙa'idar ko'ina ita ce wanda aka sa barci ko aka yi masa allurar baya sai babban mutum mai hankali ya raka shi gida, kuma ya zauna tare da shi awa 24. Ana so tafiyar komawa asibiti kada ta wuce kamar awa ɗaya, a samu waya mai caji, da abin hawa ko da tsakar dare. A Kano ko Zariya, cikin gidan gandu, wannan ba abin tambaya ba ne, ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa sun yi yawa. Abuja kuwa garin ma'aikata ne. Tun da gwamnati ta tare nan a Disambar 1991, dubban mutane suna zaune su kaɗai, iyali na Kaduna ko Katsina, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata. Ga maigadi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, ga ɗan dako a kasuwar Dei-Dei da ke kwana a rumfa, ga ɗan hidimar ƙasa da bai san kowa ba. Jikinsu ya ci jarrabawa, aikin ma ƙarami ne, amma gidan ya faɗi.

Na san wani bawan Allah a unguwarmu, ma'aikaci ne, da aka tambaye shi wa zai kwana da shi sai ya ce ƙanensa. Ƙanen kuwa abokin aikinsa ne da ya roƙa ya sa hannu a takarda, ya sauke shi a ƙofar gida ya wuce. Cikin dare fitsari ya ƙi fita, abin da kan faru ga maza bayan aikin ƙaba ko allurar baya. Mara ta cika tam, wayarsa ba caji don an ɗauke wuta tun magariba, ƙofar unguwa a kulle. Sai da asuba masu zuwa masallaci suka ji nishinsa. Ya rayu, alhamdu lillahi, ɗan bututu kawai aka sa masa. Da ya faɗi gaskiya, kwana ɗaya za a ba shi a asibiti, ko a ɗaga aikin zuwa ranar da matarsa za ta zo.

Nisa kuma a garin nan da agogo ake auna shi. Mararraba da Masaka, a Nasarawa suke amma ma'aikatan birni da yawa can suke kwana. Da tsakar rana tafiyar ba wani abu ba ce, amma wanda aka sallama ƙarfe biyar na yamma daga Asokoro ko Babban Asibitin Ƙasa zai iya yin awa biyu a zaune cikin cunkoso da sabon ɗinki, allurar kashe zafi na sakinsa a hankali. Haka mai tafiya Suleja ko Madalla. Wanda ya fito daga wani ƙauye a Abaji ko Kwali ya zo asibitin koyarwa na Gwagwalada, a damina, sai ya tambayi kansa ko hanyar garinsu na biyuwa da dare. Shawarata a nan, kafin ka nufi babban asibiti mai suna, ka fara tambaya a na kusa da kai. Kubwa, Nyanya, Bwari, Kuje, Karshi, duk akwai asibitocin gwamnati. Idan kuma dole sai can nesa, ka nemi ɗan'uwa a kusa da asibitin ka kwana wurinsa daren farko. Bayan babur kuwa, ko motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya, ba wurin wanda aka yi wa aiki yau ba ne.

Da an tsayar da rana, za a ce ka yi azumi. Awa 6 ba abinci, ruwa zalla kuma ana iya sha har saura awa 2, nonon uwa ga jariri awa 4, sai dai idan likitanka ya faɗi wani abu daban. Inda ake samun matsala shi ne me ake kira abinci. Koko abinci ne. Kunu abinci ne, fura da nono abinci ce, shayi mai madara ma haka. Uwa ta ga yaro na kuka ta ba shi ɗan biskit a ɓoye, tana ganin tausayi ne. Wanda aka sa barci ba ya iya tari ko haɗiya, abin da ke cikinsa na iya tasowa ya gangara huhu, ya ƙona shi. Idan an ci, a faɗa. Ɗaga aiki da awa shida ya fi kwana a ɗakin masu rai a hannun Allah.

Wani abu da nake so ku riƙa tambaya, musamman a ƙananan asibitocin kuɗi: wa zai sa ni barci? Likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 1 ba ga kowane mutum 100,000, alhali ƙungiyarsu ta duniya na neman aƙalla 5. Ma'aikatan jinya da aka horar musamman su ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin, kuma suna yi da kyau. Abin gudu shi ne wurin da mai yanka shi ne mai lura da numfashi, ko aka miƙa wa wanda bai koya ba. A duba akwai iskar oksijin, akwai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa yana nuna iskar da ke cikin jini, kuma idan abu ya rikice akwai gadon kwana ko motar kai mutum gaba. Haka tiyatar kyauta da ake kawowa lokaci-lokaci, a yi wa mutane da yawa cikin kwana biyu ko uku. Alheri ne, mutane da dama sun rabu da gwaiwa da yanar ido ta wannan hanya. Amma kafin ka kwanta ka tambaya, idan baƙin likitocin sun tafi, wa zan gani in ɗinki ya yi ruwa?

Bayan aiki ba agogo ke sallama ba. Sai ka farka sarai, awon jini da numfashi sun daidaita, ka sha ruwa ya zauna, ka taka da ƙafarka, ciwo ya lafa, bandeji a bushe, sannan ga wasu ayyukan sai ka yi fitsari. Duk wanda bai cika waɗannan ba kwana zai yi, kuma wannan ba ya nufin aikin ya ɓaci. A karɓi magani a hannu kafin a fita, kada a ce sai an je kemis ɗin unguwa a tarar ya rufe. A karɓi lambar da za a kira. Awa 24 na farko ba tuƙi, ba girki a kan wuta, ba sa hannu a takardar ciniki, ko da kana jin kanka garau, don maganin na nan da saura. Salla a zaune ta halatta ga maras lafiya, wanda aka yi wa aikin ido kuma ya tambayi likita yaushe zai fara sujada, da yadda zai yi alwala ruwa bai shiga ba. Mai turin kurar ruwa ko lebura ya tambayi makonni nawa zai yi kafin ya ɗauki nauyi, ya yi tanadin abin da zai ci a tsakani tun kafin ranar aiki.

Idan an isa gida aka ga jini ya jiƙa bandeji yana ƙaruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita mara na ciwo, ko numfashi na wahala, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tada shi, ba a jiran gari ya waye. A koma inda aka yi aikin, ko asibiti mafi kusa, da takardar sallama a hannu. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. Ciwon kai mai tsanani da ke tashi idan an zauna ya lafa idan an kwanta, kwana ɗaya ko biyu bayan allurar baya, shi ma a kai shi asibiti, yana da magani.

  Masu jinya, Allah ya ba da lada, marasa lafiya Allah ya ƙara sauƙi.